Aikin ofis daga nesa: tambayoyin da aka fi yi mani a Katsina da amsoshinsu

Ni dai sana'ata haɗa kwamfutoci ce da saita manhajoji ma ofisoshi da makarantu a nan cikin Katsina, wani lokacin a kira ni Daura ko Dutsin-Ma ko Funtua. Tun shekarar korona tambayoyin da ake yi mani kusan iri ɗaya ne, daga darakta a sakatariya har Hajiya shugabar ƙungiyar mata, har hedimastan makarantar kuɗi. Bakina ya gaji da maimaici a waya shi ya sa na tara su wuri ɗaya. Wasu amsoshin sun yi tsawo ku yi haƙuri, wasu kau layi biyu ne.

Malam wai mi ake nufi da aiki tare daga nesa, ba Zoom ba ne kawai?

A'a yallabai, Zoom yanki ɗaya ne. Akwai na magana da ganin juna, su Zoom da Google Meet da Microsoft Teams. Akwai na ajiyar takardu da rubutu tare, su Google Drive da Docs da Sheets, ko OneDrive da Word na intanet, inda kai kana Katsina abokin aikinka yana Malumfashi amma takarda ɗaya kuke gyarawa lokaci guda, kana ma ganin inda yake rubutu. Sai na bin sawun aiki irin Trello, wa aka ba mi, yaushe zai kawo.

Kowa na farkon yake tambaya don shi ne mai kwarjini, a ga fuskar oga a bango. Amma in gaskiya za ni faɗa, na biyun shi ne aikin. Mitin ana gamawa ya tafi da iska, takardar da kowa ya san inda take ita ce ke hana a yi ta kiranka da daddare ana cewa dan Allah sake turo mani.

Ai muna da guruf ɗin WhatsApp na ofis, mi zai kai mu wata wahala?

Toh buɗe guruf ɗin yanzu ka nemo mani sanarwar da aka tura ranar Talata. Za ka wuce barka da Juma'a guda talatin, katin ɗaurin aure biyu, ta'aziyya da amin amin nata, bidiyon wani wa'azi, sannan ƙila ka same ta.

Akwai wata ƙungiya da na je taimaka masu da rahoton kuɗi da za su tura ma masu ba su tallafi. Wallahi fayil biyar na tarar a wayar akawunsu, ɗaya sunanshi rahoto, ɗaya rahoto gyararre, ɗaya na ƙarshe, ɗaya na ƙarshe 2, ɗayan kuma an rubuta wanda Hajiya ta gani. Jimillar kuɗin ta bambanta a uku daga ciki, kuma ba wanda ya iya rantsewa kan wanne ne sahihi. Ba ha'inci a ciki, kowa gyaranshi ya yi a nashi kwafi ya sake turawa. Da a Sheets aka yi shi, fayil ɗaya ne, kuma akwai tarihin gyara da zai nuna maka wa ya canza wace lamba da ƙarfe nawa, ka ma iya komawa yadda yake jiya.

Ban ce a bar WhatsApp ba fa, ba ma mai iya raba mutanenmu da shi. Guruf yana ɗaukar mutum har 1,024, kiran bidiyo mutum 32, ga saƙon murya da ya fi ma dattawa sauƙi. Ku bar shi ya zama masinja, ya ce ga takarda can an ajiye ga adireshinta. Kada dai ya zama shi ne kabad ɗin ajiyar fayil.

Gwamnati ta yarda da irin wannan kuwa, ko dai yayi ne?

Ta yarda, ita ma dole ce ta koya mata. Watan Maris na 2020 aka rufe makarantu saboda korona, Afrilu aka kulle Daura, kowa ya zauna gida. Ranar 13 ga Mayu 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya jagoranci zaman majalisar zartarwa ta tarayya na farko ta bidiyo, ministoci da dama suna ofisoshinsu. Daga baya ofishin shugabar ma'aikatan tarayya ya sa ƙarshen 2025 a matsayin wa'adin da ma'aikatu za su bar yawo da fayil ɗin takarda. A nan jiha kuma gwamnatin Malam Dikko Radda ta kafa KATDICT, hukumar da ke kula da harkar fasahar sadarwa. In ma'aikatar jiha kake, ka fara tambayarsu kafin ka je ka biya wani abu da kanka.

Data nawa abin ke ci, kuma wa zai biya?

Mitin ɗin bidiyo na mutane da yawa, kowa da kyamara a kunne, yana iya lashe wajen 1GB a awa ɗaya, in hoton mai kyau ne ya wuce haka. Murya zalla ba ta kai 100MB a awa. Gyaran takarda a Docs kau abin da yake ci bai kai kallon bidiyo biyu a Facebook ba. Ka ga ke nan mi ya sa nike ta nanata maganar takarda.

Batun wa zai biya, nan ake yin shiru. Tun da hukumar sadarwa ta ƙasa NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira da data a Janairun 2025, ƙaramin ma'aikaci ba zai iya ɗaukar mitin uku a sati daga albashinshi ba. Ba zai faɗa maka ba, kunya ba za ta bar shi ba, cewa kawai zai yi yallabai netwok ne. Ofishin da ke son a shiga mitin ya ware kuɗin data a rubuce kamar yadda ake ware na man janareta da takardar firinta, a tura ma mutum kafin ranar, ba a ce ya saya za a biya shi in kuɗi sun fito ba.

To inda ba sabis fa? Ma'aikatanmu suna ƙauyuka

Wannan tambayar ta fi kowace muhimmanci a jiha mai ƙananan hukumomi 34 irin tamu. Kuma ba mu manta ba, a Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 saboda matsalar tsaro, su Jibiya da Batsari da Safana da Faskari da Kankara, har Funtua, sai wajen Disamba aka maido. Ranar 14 ga Maris 2024 kuma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna suka rikice. Wanda ya ɗora duk aikinshi kan cewa kullum akwai intanet, ranar nan hannu ya naɗe.

Abin da nike ba da shawara, a zaɓi abin da ke aiki ko ba sabis. Docs da Sheets suna da saitin da za ka buɗe fayil ka yi gyara ba intanet, in ka shigo gari ya haɗe da kanshi, amma fa sai ka kunna saitin tun kana da sabis. Masu zuwa ƙauye ɗaukar bayanai, ƙidayar yara ko rijiyoyi ko masu karɓar tallafi, KoboToolbox da ODK don haka aka yi su, a cike fom a waya cikin daji, da yamma in an hau titi a tura gaba ɗaya. Sannan kowane ofis ya samu layi biyu na kamfani daban daban, don unguwar da wannan ke ja wancan ba ya ja.

Starlink, intanet ta tauraron ɗan adam, ya shigo Najeriya a Janairun 2023 kuma yana aiki inda ba turken sabis, sai dai kayan da kuɗin wata ba na ƙaramar ƙungiya ba ne, kuma shi ma wuta yake so. Kafin ka sayi kowace manhaja ka tambayi kanka ina za a yi caji. Ƙaramin sola da batir ɗaya da zai riƙe rauta, na'urar raba intanet, da laftof biyu ya fi lasisin shekara amfani a ofishin da ake wuni ba wuta.

Na kyauta ya isa ko sai mun biya?

Ga yawancin ƙananan ofisoshi ya isa a fara da shi. Zoom na kyauta mutum 100 ne, minti 40 ya yanke. Meet da Teams na kyauta awa ɗaya. Asusun Google na kyauta 15GB ne kuma da imel da hotuna da Drive duk a ciki suke rabawa, shi ya sa wata rana za ka ga imel ya daina shigowa, ashe hotunan biki ne suka cike wurin.

Minti 40 ɗin nan ni ban ɗauke shi aibi ba, yana koya ma mutane taƙaita gaisuwa.

Makarantu suna da gata, Google na da tsarin Workspace na ilimi kyauta ga makarantar da aka tantance, Microsoft ma na da Office 365 A1. Ƙungiyoyi masu zaman kansu da ke da rajistar CAC su ma za su iya neman na kyauta ko na rangwame, sai dai za a nemi takardunku a tantance kuma yana ɗaukar lokaci. Ma'aikatar gwamnati ba ta shiga wannan layin na ƙungiyoyi. In kuma za ku biya, ku tuna yawanci kan kowane mutum ne kowane wata, kuma farashin na bin dala. Kada a saya ma mutum 60 alhali 12 ne ke buɗe kwamfuta.

Da sunan wa za a buɗe asusun?

Yauwa. Da ana tambayata wannan tun farko da rabin kiran da nike samu bai taso ba.

Wata makaranta, ba sai na faɗi suna ba, ɗan bautar ƙasa aka kawo masu yaro mai ƙoƙari, ya zauna ya shigar da sakamakon ɗalibai na shekara uku, jerin malamai, takardun kuɗin makaranta, komai tsaf a Drive. Da imel ɗinshi na kanshi da lambar wayarshi. Ya gama hidima aka yi mashi walima ya koma garinsu can kudu, bayan wata biyar aka zo fitar da sakamako kwamfutar ofis ta ce a sake shiga, a sa lambar da aka tura ma waya mai ƙarewa da kaza. Layin a kashe. Shugaban makarantar ya kira ni yana cewa Malam ka fasa mana shi kawai, na ce ranka ya daɗe wannan ba kwaɗon shago ba ne. Sai da aka bi ta wani abokin yaron aka samo shi bayan kwana tara, Allah ya sa mutumin kirki ne.

Saboda haka asusu na ofis ne. Ma'aikatar gwamnati ta nemi imel mai ƙarewa da .gov.ng, wanda NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, ke kula da bayarwa, jami'a da kwaleji .edu.ng, sakandare da firamare .sch.ng, ƙungiya .org.ng. In ba halin wannan yanzu, aƙalla a buɗe imel da sunan ofis, a sayi layin waya na ofis da zai zauna a ofis, kuma a riƙa sa mashi kati ana kira da shi don kada kamfani ya karɓe shi ya sayar ma wani. Mutum biyu su san kalmar sirri, a rubuta ta a ambulan a rufe a kabad ɗin shugaba. Ranar da aka yi ma wani canjin wurin aiki ko ya yi ritaya, a ranar za a cire shi a canza kalmar, kamar yadda ake karɓar makullin ofis. Ba rashin yarda ba ne, kuma in an mai da shi ƙa'ida kan kowa ba wanda zai ji haushi.

Sirrin ofis fa? Ba za a sace mana takardu ba?

A abin da na gani da idona, ɓarnar daga cikin gida take fitowa. Wani ya saita fayil kan duk mai adireshin ya iya buɗewa, ya tura guruf, wani ya tura wani guruf, shi ke nan jerin sunayen marayu da lambobin iyayen riƙonsu yana yawo a gari. A riƙa ba mutum izini da imel ɗinshi, kuma a bambanta mai karantawa kawai da mai gyarawa.

Akwai doka kuma. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023, wadda hukumar NDPC ke sa ido a kanta, ta shafi gwamnati da makarantu da ƙungiyoyi duka. Bayanan lafiya suna cikin masu tsauri, na yara ana buƙatar yardar iyaye, in kuma bayanai suka fita ta yadda za su cutar da masu su ana so a sanar da hukumar cikin awa 72. Takardun gwamnati masu hatimin sirri kau kada ka ɗora su kan asusunka na kyauta ko da oga ne ya ce yi sauri. A tarayya akwai Galaxy Backbone da aka kafa don ajiya da sadarwar gwamnati, a bi ta hanyar da aka tanada.

An kira ni an ce za a yi mitin ɗin Zoom na ƙungiyarmu, in karanto lambar da aka turo mani

Kashe wayar. Ɓarawo ne. Lambar nan mai guda shida ta WhatsApp ɗinka ce, kana karanta mashi ya ƙwace, minti goma ya fara roƙon kuɗi da sunanka wurin surukanka. Ba mitin ɗin da ke buƙatar ka karanto ma wani lamba. Shiga saitin WhatsApp yau ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka sa lambar sirri taka.

Manya a ofis ba su so, ƙanana kuma suna jan ƙafa. Ya za mu yi?

Mu faɗa ma juna gaskiya, wani jan ƙafar ba jahilci ba ne, lissafi ne. Mutumin da in an kira taro a Katsina daga Funtua yana da kuɗin mota da alawus na kwana, yanzu ka ce ya zauna ofis ya shiga ta waya da datarshi, mi kake so ya ce? Wani kuma fayil ɗin da ke kwana kan teburinshi shi ne darajarshi, in komai ya koma inda kowa ke gani an san wurin wa aiki ya tsaya. Ba horon kwana uku a otal da zai warware wannan, sai shugaba ya zauna ya yi magana a kan kuɗin a fili.

Su kuma dattawa yawanci tsoron jin kunya ne gaban yaran da suka haifa. Kada ka koya ma babban sakatare a zauren taro. Ka same shi ofis shi kaɗai bayan azahar, ka ce ranka ya daɗe bari in nuna maka abu ɗaya, ka bar shi ya danna da hannunshi, kada ka karɓe wayar. Na ga wani darakta da ya kusa ritaya, ranar da ya gane zai iya duba rahoto daga gida ya bar sharhi a gefe ba sai direba ya kawo mashi ba, shi ya koma yana tsawata ma masu kawo takarda. Kuma in oga da kanshi ya ci gaba da cewa a buga a kawo mani, to an gama, kowa bugawa zai yi.

Mu makaranta ce, Google Classroom ko Moodle?

Duka biyun manhajojin koyarwa ne ta intanet. Classroom ya fi sauƙi, malami zai iya koyonshi a yini ɗaya, ya ba da aikin gida ya karɓa ya sa maki. Moodle kyauta ne kuma ya fi faɗi, ya dace da manyan makarantu irin jami'a ko kwalejin kimiyya, amma yana son saba, wato babbar kwamfutar da za a ɗora shi a kai, da ma'aikacin da zai kula da ita kullum, ba a kafa shi a tafi.

Ga ɗaliban jami'a da kwaleji abin yana tafiya tun da yawancinsu na da waya, in dai malami zai tura darasi a rubuce ko a murya maimakon ya ce kowa ya hau bidiyo ƙarfe takwas na safe. A firamare da ƙaramar sakandare kau ni ban goyi bayan a ɗora ma yara ba. Gida ɗaya ɗiya shida waya ɗaya, ita ma tana aljihun baba a kasuwa har magariba. A nan malamai ne ya kamata su amfana, tsarin darasi da rajistar halarta da haɗa sakamako, wanda ke cin sati biyu da biro da kalkuleta a gama shi a kwana biyu.

Sa hannu da hatimi fa, takardar kwamfuta tana tsayawa a hukumance?

Dokar shaida ta 2011 a sashe na 84 ta yarda da takardun da suka fito daga kwamfuta bisa sharuɗɗa. Amma abin da ya shafi fitar da kuɗi ko kwangila, bi ƙa'idar ofishinku da abin da masu binciken kuɗi za su karɓa. A yi duk gyare gyaren a intanet, kwafin ƙarshe kaɗai a buga a sa hannu, a ɗauki hotonshi a maida cikin fayil.

Mitin ɗinmu kullum hayaniya ne

Mai jagoranta ya kashe makirfon kowa tun shigowa, akwai maɓallin yin haka. Mun sha jin kukan akuya da cinikin mai kayan miya a tsakiyar jawabin shugaba. A sa ɗakin jira da lambar shiga don kada baƙo ya faɗo. A duba lokacin sallah kafin a sa lokaci, musamman in da mutanen Legas ko na Turai a ciki, su ba za su tuna maku ba. In za a naɗi mitin a faɗa tun farko, kuma matan da ba su son kunna kyamara a ƙyale su, dama datar ma ta huta. Mutum ɗaya ya rubuta abin da aka yanke da wanda aka ɗora ma kowane aiki, ya ajiye a fayil kafin a watse.

Za mu iya rubutu da Hausa a ciki?

Sosai ma. Gboard, allon rubutu na Google a waya, na da Hausa, da ƙ da ɗ da ɓ duk suna nan in ka danne harafin. Jan layin da ke fitowa ƙarƙashin kalmomi kashe shi kawai a saiti.

Wane kaya za mu fara saya in kuɗin kaɗan ne?

Rauta mai cin layin waya, ƙaramin batir ko fawa banki da zai riƙe ta, da lasifikar taro guda ɗaya mai makirfo a jiki da za a ajiye tsakiyar tebur. Babban talabijin na bango ya jira, murya ce ke lalata mitin ba hoto ba. Laftof ko na hannu ne ya isa in batirinshi na da rai, a gwada shi awa biyu ba caji kafin a biya. Sannan a ɗauki aiki ɗaya tak, misali rahoton wata wata da ake karɓowa daga ƙananan hukumomi, a ce daga watan gobe ta fayil ɗin nan kaɗai za a karɓe shi, a ba mutum ɗaya alhakin amsa kiran duk wanda ya maƙale, da katin wayarshi. In an yi wata uku ana haka sai a ƙara na biyu.